Lambar Gefen Taya: Zaɓa wa Keke Mai Giya Tayar Kwalta

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, keke ya sake samun daraja a hannun talaka. A Kano kuwa tun Janairu 2013 aka hana ɗaukar fasinja a kan babur, saboda haka ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya daɗe da sanin amfanin feda. Samari da yawa daga ƙungiyoyinmu na manoma sukan tafi cin rani a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Idan kuɗi ya ɗan taru, abin da sukan fara saya shi ne keke mai giya ɗan gwanjo, watau irin mai kaurin taya da Turawa suka ƙera domin hawan dutse da ratsa daji. Da shi za a je aiki da rani, da shi kuma za a komo gida da damina.

Kuka iri biyu muke ji game da wannan keke. Na fari, yana da nauyin tuƙi a kan kwalta, tayarsa tana gurnani kamar ta tarakta, tana kuma cinyewa da sauri. Na biyu, mutum ya tafi kasuwa ya ce a ba shi taya lamba 26, ya kawo ta gida, ta ƙi shiga, ko kuwa ta shiga tana lilo. Na farin yana da sauƙin magani. Na biyun shi ne ke cin kuɗin mutane a banza, domin haka da shi za mu fara.

Ba dukan 26 ne 26 ba

Iyayenmu ba su sha wannan wahala ba. A shekarun 1970 da 1980, sa'ad da kamfanin Raleigh ke harhaɗa kekuna a Kano, kusan kowane keke na ƙauye ƙafarsa iri ɗaya ce. Ko Raleigh ne, ko Phoenix, ko Hero, tayar ita ce 28 x 1 1/2. Ka aiki yaro kasuwa ya ce tayar keke, shi ke nan. Yau kuwa kekunan gwanjo suna zuwa daga Turai da Amurka da Japan da Sin, kowace ƙasa da irin awon da ta gada.

Asalin rikicin shi ne, lambar inci ba ƙarfen ƙafar take aunawa ba, watau abin da masu gyara ke ce wa rim. Tana faɗin tsayin ƙafar duka ne, tare da taya cike da iska, kuma bisa ga kaurin tayar da aka fara yi wa wannan rim tun zamanin da. Ƙaramin rim da taya mai kauri ya ba da inci 26. Babban rim da siririyar taya shi ma ya ba da inci 26. Suna ɗaya, ƙarfe dabam.

Domin a raba wannan gardama masu yin taya na Turai, a ƙarƙashin ƙungiyarsu mai suna ETRTO, suka shirya wata lamba ta milimita, wadda daga baya ta zama ta dukan duniya. Ku duba gefen tayarku da kyau. In ƙura ta rufe, ku goge da jiƙaƙƙen tsumma. Za ku ga lamba biyu da ɗan layi a tsakaninsu, misali 54-559. Ta farin, 54, faɗin tayar ke nan. Ta biyun, 559, ita ce awon rim daga gefe zuwa gefe, daidai wurin da leɓen taya yake zama. Ta farin kuna iya sauya ta, a cikin iyaka. Ta biyun ba ta sauyuwa ko da milimita biyar. Leɓen taya waya ce ta ƙarfe a ciki, ba ta miƙewa, ba ta tsukewa.

Ga waɗanda aka fi gani a wurinmu:

559: keke mai giya na inci 26, mai lamba kamar 26 x 1.75 ko 26 x 2.125.
584: na inci 27.5, da kuma tsohuwar 26 x 1 1/2.
590: 26 x 1 3/8, ta kekunan Ingila da Japan masu kwando a gaba.
622: na inci 29, da 700C, da 28 x 1.75.
630: 27 x 1 1/4, ta tsofaffin kekunan tsere.
635: 28 x 1 1/2, ta keken iyayenmu.

Ku dubi wannan jeri sau biyu, gama akwai abin mamaki a ciki. Rim na inci 28 na tsohon keke ya fi na inci 29 girma. Na inci 27 ya fi na 27.5 girma nesa ba kusa ba. Sa'an nan akwai 26 har iri uku. Wanda ya yi makaranta zai ce 1.5 da 1 1/2 abu ɗaya ne. A allon lissafi gaskiyarsa. A kasuwar taya kuwa 26 x 1.5 ta rim 559 ce, 26 x 1 1/2 ta rim 584 ce, milimita 25 ke tsakaninsu. Abin riƙewa a nan shi ne, tayar keke mai giya da ɗigo ake rubuta faɗinta. In kuka ga lamba bisa lamba da layi a tsakani, to ba taku ba ce.

Tayar 590 a kan rim 559 ba ta ruɗin kowa, domin bambancin zagayensu ya kai kusan santimita 10, da ido ma za a gani. Masu haɗari su ne na kusa da juna. Tayar 590 takan hau rim 584 ba gardama, ta 630 kuma ta hau rim 622. Mai gyara zai ce ta zauna. A buga iska, a yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan leɓen ya tsallake bakin rim, tiyub ya leƙo waje ya fashe kamar bindiga. In wannan ya faru da ƙafar gaba, a kan titin Sharaɗa da safe, ga tirela a baya, ba maganar kuɗin taya ake yi ba kuma. Haka nan wadda ta yi ƙanƙanta kaɗan: a danna ta da bakin sukudireba, a tsinke wayar leɓen, a huda tiyub tun bai taka ƙasa ba.

In lambar ta goge

Tsohuwar tayar da ke kan keken ita ce shaidar farko. In ta zauna daidai tana aiki, lambarta ita ce lambarku. Wani lokaci kuma akwai 'yar takarda manne a jikin rim mai rubutu kamar 559 x 19. In duka sun goge, ku cire ƙafar, ku cire tayar, ku tsai da rim ɗin a daɓe mai kyau jikin bango. Ku ɗora littafi a kansa a kwance, ku yi alama a bangon, ku auna daga ƙasa da tef ɗin tela. Ku debe milimita 12 domin tudun bakin rim. Wanda ya tashi wajen santimita 57, na 559 ne. Wanda ya tashi 63 da rabi, na 622 ne. Wannan awo ba zai raba muku 584 da 590 ba, gama sun yi kusa ainun. A nan sai a ɗauki ƙafar a tafi da ita wurin mai sayarwa, a gwada a gabansa.

Faɗin da ya dace

Yanzu mu komo kan kukan farko. Haƙoran nan na tayar daji an yi su ne domin su kama taɓo da tsakuwa. A kan kwalta ba abin da za su nutse a ciki, sai su riƙa lanƙwashewa suna miƙewa a kowane juyi, ƙarfin cinyarku yana tafiya a nan. Gurnanin da kuke ji, guminku ne ke fita. Ba su kuma ƙara kamun titi, domin robar da ke taɓa kwalta kaɗan ce, kan haƙoran kaɗai. Taya mai sulɓi, ko mai ƙananan zane, ta fi kama kwalta, har a kwana.

To, da mutum ya gane wannan, sai zuciya ta ce masa ya nemi siririya irin ta 'yan tsere, mai lamba 26 x 1.25 ko ƙasa da haka. Mu dai ba mu ba da wannan shawara ba, ga kuwa dalilanmu.

Na ɗaya, rim yana da nasa faɗi a ciki, tsakanin leɓɓansa biyu, shi ne 19 ɗin nan da ke bayan 559. Yawancin kekunan inci 26 na gwanjo faɗin rim ɗinsu daga milimita 17 zuwa 21 ne. Rim mai 17 ko 19 zai riƙe taya daga wajen milimita 28 zuwa sama da 50. Mai 21 yana son 35 zuwa sama. Sababbin kekuna na 27.5 da 29 kuwa sukan zo da rim mai faɗin 25 har 30, irin waɗannan kada a sa musu taya ƙasa da milimita 45 ko 50. Tsohuwar ƙa'idar masu gyara ita ce, faɗin taya ya kai na cikin rim sau ɗaya da rabi ko fiye. In taya ta yi wa rim siranta, sai ta baje ta rasa tudu, kowane dutse ya riƙa dukan ƙarfen kai tsaye.

Na biyu, hanyar da muke bi. Abin da ake kira kwalta a unguwannin masana'antu ba irin ta filin jirgi ba ce. Manyan motoci masu kai fata da ƙyalle da buhunan roba sun farfasa gefenta, a gefen nan kuwa mai keke yake tafiya. Akwai rami, akwai rairayi da iska ta tara, akwai guntun waya da ƙusa da fasasshen kwalba. Da damina ruwa yakan rufe ramin, ba ka ganinsa sai ka faɗa. Siririyar taya iskar cikinta kaɗan ce. In ta daki bakin rami, sai rim ya matse tiyub ya yi masa huda biyu gefe da gefe, kamar saran maciji. Duk wanda mai faci ya nuna masa irin wannan huda, ya sani ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne ko sirantar taya. A rairayi kuma siririya yanka take yi ta nutse, mai faɗi kuwa ta bi ta sama.

Na uku, kaya. Keken ɗan ƙungiya ba mutum kaɗai yake ɗauka ba. Yau buhun taki ne mai kilo 50, gobe jarkar ruwa, jibi kwandon tumatir daga fadamun Kura ko Bunkure. Iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗaukar nauyin, mai faɗi kuwa ta fi ɗaukar iska. Ko tsohon keken iyayenmu, da ya yi suna wajen dako, faɗin tayarsa milimita 40 ne. (Af, kada wannan ya sa a ɗora wa keke mai giya buhun masara sukutum. Raleigh na da yana da wayar sifok 40 a ƙafar baya, na giya kuwa 32 ne ko 36, kariyarsa ma sau da yawa 'yan ƙananan kusoshi ne ke riƙe da ita.)

Game da gudu kuma, abin da aka daɗe ana ɗauka cewa siririya ce mai gudu, gwaje-gwajen shekarun baya sun rage masa ƙarfi. Masu tseren zagaya Faransa, waɗanda a farkon shekarun 2000 suke hawan taya mai milimita 23, sun koma 28 zuwa 30. In waɗanda gudu ne abincinsu sun ƙara faɗi, mu masu ɗaukar taki me za mu nema a wurin siririya? Yawancin sauƙin da mutum yake ji bayan ya sauya taya, daga rabuwa da haƙora ya fito, ba daga siranta ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika tunawa da shi ba. In aka sauko daga milimita 54 zuwa 32, keken duka zai yi ƙasa da wajen santimita 2. Feda ta kusanci ƙasa ke nan, tana iya karta a kwana ko a kan tudun rage gudu. Zagayen ƙafar ma ya ragu, kowane juyin feda ya rage nisa kaɗan.

Saboda haka ga abin da muke gani. Wanda tafiyarsa duka a gari ce, misali daga Panshekara zuwa Sharaɗa, ko daga Dakata zuwa Bompai, ba ya kuma ɗaukar kaya sai kwanon abinci, 26 x 1.5 ta ishe shi, watau 40-559. Wanda ke haɗa kwalta da burji, ko yake ɗaukar kaya, ya nemi 26 x 1.75, watau 47-559. Ita ce muka fi so wa yawancin 'yan ƙungiya, ita ce kuma ta fi sauƙin samuwa. Wanda zai koma ƙauye da keken da damina, inda akwai rairayi da laka, ya tsaya a 1.95 ko 2.0, watau 50-559, amma irin mai sulɓi a tsakiya da haƙora a gefe kaɗai. A kan kwalta tsakiyar ce ke aiki, a laka kuma gefen ya taimaka. Masu inci 27.5 da 29 su bi wannan lissafi, lambar bayan ce kaɗai za ta zama 584 ko 622. Mai inci 29 yana da sa'a guda: tayar da aka rubuta wa 700 x 40C ko 28 x 1.75 za ta hau ƙafarsa, in rim ɗin bai cika faɗi ba. Amma tayar 28 x 1 1/2 da ke rataye a kowace rumfa ba tasa ba ce.

Wanda kuwa yake so ya ƙara faɗi bisa wadda ya tarar, ya tabbata ƙaramin yatsa yana wucewa tsakanin taya da ƙarfen keken ta kowane gefe, gaba da baya, domin taɓo ma yana son wuri.

Wasu sukan tambaya ko za a iya cire ƙafar 26 ɗungum a sa ta 622 domin ƙarin gudu. In birkin keken irin mai matse bakin rim ne, ba zai yiwu ba, gama robar birkin ba za ta kai wurin da ya kamata ba. Mai birkin faifai a tsakiyar ƙafa wani lokaci yakan karɓa, amma kuɗin ƙafafu biyu ya kusa na wani keken.

Tiyub da bawul

Sabuwar taya tana son tiyub daidai da ita. A jikin kwalinsa akan rubuta iyakarsa, misali 26 x 1.5 zuwa 1.75. Tiyub ɗin tsohuwar taya mai kauri, in aka cusa shi cikin siririya, sai ya naɗe, wurin naɗin kuwa nan zai tsage. Ƙarami a cikin babbar taya yakan miƙe ya yi laushi, ƙaya kaɗan ta huda shi, ko da yake wannan ya fi wancan dama.

Bawul iri uku ne. Akwai irin na mota, mai kauri da ɗan tsinke a ciki. Akwai na tsohon keke, mai 'yar roba a ciki, wanda famfon hannu na gida yake kamawa. Waɗannan biyu ramin rim ɗinsu ɗaya ne, wajen milimita 8 da rabi. Na ukun siriri ne, na Faransa, raminsa 6 da rabi, yakan zo a kan kekunan gwanjo masu tsada. Bawul mai kauri ba ya shiga wannan rami. Masu gyara sukan faɗaɗa shi da dirl, yana kuwa yiwuwa a rim mai faɗi, in an goge bakin ramin sarai kada ya yanka tiyub. Ga ma'aikacin Sharaɗa irin na mota ya fi, domin kowane mai faci na bakin titi yana da bakinsa. Ga na ƙauye kuwa, ya duba irin famfon da ke gidansa tukuna.

Kafin a mai da taya, a duba ƙyallen ko robar da ke kwance cikin rim tana rufe kawunan sifok. In ta tsage, a sake ta. Tsohon tiyub da aka yanka ya isa a rim na da, amma rim mai bango biyu, mai ramuka a ciki, yana son ƙyalle mai tauri wanda iska ba za ta tura cikin ramin ba. Faci da yawa da ake ɗora wa ƙaya laifinsu, daga ciki suka fito.

Iska

Kusa da lambar awo akwai wata lamba mai PSI a bayanta, ita ce iyakar iskar da tayar za ta ɗauka. Mai faɗin 47 sau da yawa 40 zuwa 65 ake rubuta mata. Siririya tana son fiye da haka, wanda famfon hannu ba ya kaiwa da sauƙi, ga wani dalili kuma na barinta. Injin mai faci domin mota aka yi shi, tayar keke kuwa cikinta kaɗan ne, cikin ƙiftawar ido ta cika ta wuce. Ku ce masa ya sa kaɗan kaɗan. Da rabin iska a tsaya, a juya ƙafar, a dubi siririn layin da ke zagaye da taya kusa da bakin rim. In ya fito daidai ko'ina, a cika. In ya nutse a wani wuri ya yi sama a wani, a sace iskar a gyara zama. Ta baya ta fi ta gaba iska kaɗan, gama ita ke ɗauke da yawancin nauyi. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano yakan wuce digiri 40, kada a cika har iyaka a kuma jingine keke a rana tun safe har tashin aiki. Rana tana ƙara wa iskar ƙarfi, tana kuma busar da robar har ta tsattsage.

Tayar gwanjo da ke zuwa tare da keke takan yi kyau a ido, haƙoranta cif, amma ta yi shekaru a ajiye. Ku matse gefenta da hannu. In ƙananan tsaga sun buɗe, ko zare ya bayyana, kwananta ya ƙare. In kuɗin taya ɗaya kaɗai ke akwai, mai lafiyar ta tafi gaba, domin fashewar baya takan sa mutum ya sauka ya tura, ta gaba kuwa takan kā da shi.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Magatakardan kowace ƙungiya yana da littafin da yake rubuta taki da iri. Ya buɗe shafi ɗaya domin kekuna: sunan mai keke, lambar milimita ta tayarsa, da irin bawul ɗinsa. Aikin yamma ɗaya ne bayan taro. Sa'ad da wani zai shiga Kano, sai a haɗa kuɗi a sayo a Sabon Gari gaba ɗaya, farashin sari ya fi na ɗai-ɗai sauƙi, kuɗin mota kuma sau ɗaya ne. Mai sayayyar ya tafi da lambobin a rubuce, ya karanta gefen kowace taya da idonsa kafin ya biya, kada ya dogara ga takardar da aka naɗe ta da ita. Wasu tayoyi masu araha ba su da lambar milimita sam, sai ta inci. Irin waɗannan a duba ko da ɗigo aka rubuta ko da layi, a kuma yi magana da mai rumfa tun kafin ciniki ya faɗa cewa in ba ta hau ba za a komo da ita a musanya.